Jan Biro da Shafin da Ke Ƙarewa

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar fahimtar zamani, a fara da babban editan jaridar nan, sannan a zauna a huta kafin a nemo na biyu. Shekara talatin da ɗaya yana kan kujera ɗaya, har kujerar ta ɗauki siffarsa. Ma'aikata suna kiransa Jan Biro a bayan idonsa, saboda jajayen biro guda uku da ke jere a aljihun gabansa kullum kamar lambobin yabo. Shi kuma yana kiran kansa Uban Alƙalami, a gaban idon kowa.

Babu abin da ya ƙware a kai kamar intanet. Wannan ba ƙage ba ne, da bakinsa ya faɗa. Kowace safiya Sakatare, wani dattijo mai haƙuri da ya riga shi zuwa gidan jaridar, zai buɗe shafin jaridar a kwamfuta, ya buga shi kaf a firinta, ya jera takardun, ya kai masa ofis tare da shayi. Jan Biro zai gyara zaman tabarau, ya lashi yatsa, ya shiga intanet.

"Ku ta gilashi kuke leƙenta," yakan ce wa matasan ɗakin labarai. "Ni kuwa a hannu nake riƙe ta. Na san nauyinta. Ranar Litinin ta fi nauyi."

In akwai bidiyo a shafin, a takarda sai ya fito baƙi ƙirin da 'yar kibiya a tsakiya. Jan Biro ya zagaye shi da ja, ya rubuta a gefe: hoton nan bai fito ba, a ja kunnen mai hoto. An ja kunnen mai hoto sau goma sha ɗaya, har bawan Allah ya fara zargin idanunsa.

Jaridar dai ba tasa ba ce. Mahaifinsu ne ya kafa ta, da zai rasu ya bar ragama a hannun babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan, har masu shara, ke kira Yaya. Tsohuwa ce mai sanda, ba ta da yawan magana. A farkon shekara ta sa aka kashe injin buga jarida da ke ƙasan bene, domin ta takarda ta daina fita. Sannan ta tara ma'aikata goma sha tara da suka rage, ta ce ta ba su kwana casa'in. In shafin intanet bai kai masu karatu dubu goma a rana ba, kwaɗo za ta sa a ƙofa. Ta juya ta dubi ƙaninta ta ce, "Auta, ka ji ko?"

Mutum mai shekara sittin da biyu, furfura har a gira. Ya dubi silin kamar da wani ake.

Cikin goma sha taran nan babu wanda maganar ta daka kamar matar da ke kula da shafin, wadda suke kira 'Yar Kwamfuta. Mijinta yana cikin masu aiki da injin da aka kashe. Tun daga lokacin yana gida, shi ke kai yara makaranta ya ɗauko su, yana gyara wa maƙwabta fanka kyauta don kada hannu ya manta aiki. Duk ranar da aka sa kwaɗon nan, babu sauran mai fita da safe a gidansu. Don haka ta zauna ta rubuta abin da ya kamata a yi, duka a takarda ɗaya. Rubutu ya ƙara girma, tunda a waya mutane ke karatu, galibi a tsaye ko a cikin mota. A rage nauyin hotuna don kada su cinye wa mutane data. A cire tallan katifar nan da ke tsalle ya rufe labari. Labarin da ya fi muhimmanci ya hau sama.

Jan Biro ya karanta takardar sau biyu. Ya gano waƙafi ɗaya da bai zauna daidai ba, ya zagaye shi, ya miƙa mata abinta.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Amma sake fasali aikin manya ne."

Manya suka shiga aiki. Ya sa aka share teburin taro, aka kawo almakashi, gam, da intanet ta mako guda. Kwana huɗu yana yanka yana mannawa, ƙofa a rufe, Sakatare na tsaye a bakinta yana mayar da masu leƙe. A rana ta biyar aka kira kowa. Ya yaye wani zane, sai ga kwali mai faɗin ƙyauren ɗaki, yana ta warin gam.

"Wannan," ya ce da 'Yar Kwamfuta, "za ki sa a cikin waya."

Abu ne na gani a faɗa. A can sama akwai hotonsa, hannu a haɓa, domin mai karatu ya san a hannun wa yake. A tsakiya an bar wani farin layi daga gefe zuwa gefe, wurin naɗewa ke nan. Da aka ce masa ba kowace waya ake naɗewa ba, ya ce shi gobe yake tsara wa. A kusurwar dama ya bar fili fari fat, ko da mai karatu zai rasa inda zai rubuta lambar wani. Kowane labari kuma, da ya kai inda ya fara daɗi, sai a datse shi a rubuta: ci gaba a shafi na goma sha huɗu. Shafin intanet ba shi da shafi na goma sha huɗu, sai da aka ƙirƙiro shi, tare da sha biyu da mutum zai ratsa kafin ya kai can.

Duk wannan share fage ne. Ya bari aka gama kallo, ya ɗora hannu biyu a kan tebur, ya yi gyaran murya.

"Na yi dogon nazari a kan abin da ya zubar da mutuncin intanet, kuma na gano shi. Ba ta ƙarewa. Ka je da safe tana nan, ka koma da rana tana nan, kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Wa zai girmama abin da ba ya ƙarewa? A zamanin mahaifinmu, ƙarfe tara na safe in ka je wurin mai jarida, hannu zai buɗe maka ya ce ta ƙare. Manyan mutane su yi ta cizon yatsa. Alƙali guda ya taɓa aikowa a roƙa masa kwafi ɗaya, ko wanda aka karanta ne. Wannan ita ce daraja. Saboda haka daga gobe shafinmu kwafi dubu biyar ne a rana. Mutum na dubu biyar da ɗaya, abin da zai gani shi ne: TA ƘARE, SAI GOBE."

'Yar Kwamfuta ta ɗaga hannu a hankali, ta ce Yaya dubu goma ta nema, yaya za a kai dubu goma in an rufe ƙofa a dubu biyar? Jan Biro ya yi mata murmushin da ake yi wa wanda bai yi nisa a makaranta ba. Ya ce ai kowa ya san jarida ɗaya mutum huɗu ke karanta ta, wanda ya samu zai ara wa maƙwabci, maƙwabci ya ara wa surukinsa. Biyar sau huɗu ashirin. An ma ninka abin da Yaya ta nema tun ba a fara ba.

Aikin sa wannan iyakar bai ɗauki 'Yar Kwamfuta minti goma ba. Ta yi shi ranta a ɓace, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Washegari mutum dubu ɗaya da ɗari ɗaya suka shiga. Jan Biro ya yi lissafi a bayan ambulan, ya ɗago fuska a murtuke.

"Kwantai dubu uku da ɗari tara. Ina suke?"

'Yar Kwamfuta ta ce babu su, ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne da ake ajiyewa. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, duk abin da aka buga ba a ɗauka ba yana wani wuri. Ko dai akwai mai kwashewa yana sayar wa masu ƙulla gyaɗa? Ya bi ma'aikata da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kan mai hoto. Daga nan ya ba da umarni a buga kwantan a takarda, a tara su inda ido zai gani. Kowane kwafi takarda arba'in. Sakatare ya naɗe hannun riga ya ce to. A rana ta uku firinta ta yi wani irin nishi, ta fitar da hayaƙi, ta bar duniya. An samu kwafi ɗari biyu da sha biyu, an jibge su a baranda, sai an karkace ake wucewa banɗaki.

Babban mutum ba ya kuskure, darasi yake ɗauka. Darasin da Jan Biro ya ɗauka shi ne bugun ya yi yawa. Aka sayo sabuwar firinta, aka rage kwafi zuwa dubu biyu. Ba ta ƙare ba. Aka dawo dubu ɗaya. Ba ta ƙare ba, domin masu karatu sun fara gajiya da tattaki zuwa shafi na goma sha huɗu, suna raguwa da sauri fiye da yadda yake rage bugun. Ya bi su ɗari bakwai, ya bi su ɗari biyar, ba ji ba gani. A kwana na hamsin da biyu, da ƙarfe sha ɗaya da kwata, a kwafi ɗari uku, ya cim musu. Jarida ta ƙare.

Ban taɓa ganin farin ciki irin na ranar ba. Ya zaga ɗakin labarai yana ba kowa hannu, baki har kunne. Wayar ofis ta shiga ƙara, mutane na zagi, wai wane irin rainin hankali ne a ce shafin intanet ya ƙare. Ya sa aka buɗe muryar kowa ya ji, ya jingina a kujera ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Wata mata ta kira tana neman sanarwar rasuwar malaminta, tana so ta san lokacin da za a yi zaman gaisuwa. Ya ce a gaya mata gobe ta yi sammako.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ma'aikata suka fara kwashe kofunansu da hotunan 'ya'yansu daga tebur, kaɗan-kaɗan, don kada kayan su yi yawa ranar ƙarshe. 'Yar Kwamfuta ba ta kwashe komai ba, amma ta daina ba mijinta labarin ofis.

A kwana na tamanin da takwas wani wakilin jaridar, mutum shiru-shiru mai tsohon babur, ya kawo labari. Ya shiga ƙarƙashin gadar da ta haɗa kasuwa da tashar mota, ya tarar ɗaya daga cikin ginshiƙanta ya tsage, tsagar da hannunsa ya shige har gwiwa. Ya ɗauko hotuna. Aka sa labarin ƙarfe bakwai na safe. Bakwai da minti huɗu jarida ta ƙare. Kafin bakwai da rabi magana ta bazu a gari ba tare da hoto ba, wasu na cewa gada ta riga ta faɗi, wasu na cewa ƙarya ce, manyan motoci kuwa suna ta hayewa da lodi. 'Yar Kwamfuta na kallon allonta, tana ganin dubban mutane suna zuwa suna cin karo da SAI GOBE.

Ta shiga ofishinsa ko sallama ba ta gama ba.

"Yallaɓai, mutum dubu bakwai ne a ƙofa. Gadar nan 'yan makaranta na bi. A bari su gani."

"Minti huɗu!" in ji Jan Biro, idonsa ya kawo ruwa. "Ko mahaifinmu bai taɓa yin ƙasa da awa biyu ba."

"To a ƙara bugu, ranka ya daɗe."

"Bugu na biyu na jaridun da ba su yarda da kansu ba ne. Ja min ƙofar."

Ta koma kujerarta ta zauna. Tsoro take ji, tsoro na gaske. In ta buɗe shafin, ya kore ta. In ta bari, jibi Yaya ta rufe gidan, gadar kuma tana nan da tsagarta. Ta ga ko ta ina gida za ta koma, gara ta koma da dalili. Ta goge layin da ya sa iyakar kwafi, ƙofa ta buɗe. Tunda ta riga ta shiga ruwa, sai ta haɗa da shafi na goma sha huɗu da 'yan'uwansa, ta kori tallan katifa, ta ƙara girman rubutu, ta mayar da hoton hannu a haɓa kamar ƙwayar wake. Kafin yamma mutum dubu sittin da ɗaya sun karanta, hukuma ta tare manyan motoci daga hawa gadar.

Da safe Jan Biro ya tambayi Sakatare ƙarfe nawa ta ƙare yau. Sakatare bai iya ƙarya ba. Ya ce ranka ya daɗe, tun jiya take a buɗe. Aka kirawo mai laifi.

"Mutum nawa suka shiga?"

"Dubu sittin da ɗaya."

"Cikin kwafi nawa?"

"Babu adadi, Yallaɓai. Duk wanda ya zo zai samu."

Ya juya maganar a ransa. Sai ya dafe tebur ya zauna a hankali.

"Wato kwantan da muka yi jiya ba shi da iyaka. Tun da aka fara aikin jarida a duniya ba a taɓa yin kwantai irin wannan ba. Kuma da sunana a sama."

Ya rubuta mata takardar kora da hannunsa, shafi huɗu, sai da biro na farko ya ƙafe ya zaro na biyu. Takardar na jiran sa hannun Yaya. 'Yar Kwamfuta ta koma gida ranar ta gaya wa mijinta komai. Ya tashi ya goge mata kayan da za ta sa.

Kwana na casa'in Yaya ta hau benen tana dogara sanda, mataki ɗaya hutu ɗaya. Jan Biro ya tarbe ta da jawabi. Ya yi magana a kan cin amana, ya yi a kan tarbiyya, ya yi a kan yadda aka mayar da jaridar mahaifinsu ruwan famfo, kowa ya zo ya tara hannu. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce, "Auta, sauka ka duba min ko direba ya rufe gilashin mota."

Ya sauka.

Ta yafito 'Yar Kwamfuta, ta rage murya. "'Yata, na ga adadin, ba zan rufe gidan nan ba. Amma na yi wa Baba alkawari ba zan raba yaron nan da kujerarsa ba. Ban dai yi alkawarin zai riƙa ganin jaridar ba. Ana iya sa kwamfuta ɗaya ta ga abin da sauran duniya ba ta gani?"

"Ana iyawa, Yaya."

"To ta Sakatare."

Sakatare, wanda ke tsaye da faranti, ya ce shi dai ba ya ƙarya. Yaya ta ce ba wanda ya ce ya yi, abin da ya gani a allo shi zai buga, kamar kullum. Ya yi tunani ya ga gaskiya ne.

Da Jan Biro ya dawo yana haki, ta sanar da hukunci a gaban kowa. Edita ya yi gaskiya, za a koma kwafi ɗari uku. Mai laifi kuma kora ta yi mata sauƙi, za ta zauna a kujerarta ta riƙa aiwatar da tsarin da ta raina, kullum, har ta gane. Jan Biro ya ɗaga haɓa, ya ce shi ba mai riƙo ba ne, ya yafe. Ma'aikata suka yi tafi da ƙarfi fiye da yadda ya yi zato, har ya ɗan rusuna.

Tun daga ranar zaman lafiya ya sauka a gidan. Ƙarfe takwas Sakatare zai buɗe kwamfuta, ya buga takarda ɗaya tal mai kalma huɗu, ya kai da shayi. Jan Biro ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce yau ma ko shi bai samu ba. Yakan nuna wa baƙi takardar. Kofuna suka dawo kan tebura.

Bayan mako uku hukuma ta rufe gadar gaba ɗaya don gyara. Kwana tara labarin na saman shafin farko, da taswirar hanyar da za a bi, ƙarƙashin sunan babban edita. A rana ta goma aka gayyaci Jan Biro ya gabatar da lacca a kan makomar jarida a zamanin intanet. Ya sa kayansa mafi tsada, ya ja motarsa da kansa, ya miƙe sak har bakin gada. Ya tarar da ganguna da tarin yashi, babu ko mota ɗaya a gabansa ko a bayansa. Ya fito yana huci, ya nufi wani lebura da ke jingine da shebur yana duba waya.

"Wannan wane irin sakaci ne? A rufe gada sukutum, babu wanda ya sanar da jama'a? Ina 'yan jaridar garin nan suke?"

Leburan ya ɗago. "Baba, ai duk gari ya sani. Yau kwana goma yana jarida." Ya faɗi sunan jaridar.

"Ni ne babban editanta," in ji Jan Biro, yana gyara wuyan riga. "Kuma ba kowa ke samunta ba. Tun kafin takwas take ƙarewa."

Leburan ya dubi wayar da ke hannunsa, ya dubi dattijon, ya sake duban wayar. Tausayi ya kama shi. Ya ajiye shebur, ya zo ya tsaya a bayan motar yana yi masa alama da hannu har ya juya. Da zai tafi ya sunkuyo ta taga.

"Ka bi ta bayan kasuwa, Baba, a hankali. Kuma don Allah ka samu wani a gida ya riƙa karanta maka labarai."